Hancin Inna

"Matso, hura mini," in ji Inna.

Direban ya sunkuya a gajiye, ya hura mata iskar bakinsa. Shekara uku ke nan rabonsa da giya, amma gemai-gemai da shi, kullum ya dawo daga aiki sai uwar nan tasa ta shinshina shi kamar miyar jiya. Sau nawa ya isa ƙofar mashaya, ya tuna hancin nan, ya juya?

Ranar da ya kai ta asibiti, likita ya duba takardunta.

"Mama, har yanzu ba kya jin wari ko ƙamshi?"

"Ko kaɗan. Shekara biyar ke nan."

Direban ya saki baki yana kallonta. Inna ta gyara mayafinta.

"Kallon me kake mini? Ya yi aiki ko bai yi ba? Matso, hura mini."