Ƙulli Uku a Ganyen Ayaba

Marubucin, wanda ba a san ko wane ne ba, ya bar wa masu karatu hukuncin babin ƙarshe: uwar ta rufa wa ɗanta asiri, ko ta miƙa shi ga 'yan sanda?

Wata shida ke nan duk Juma'a ana karanta labarin daga waya a shagon kitson wata mata da ke Kampala, labarin soyayyar da ke tsakanin wasu samari biyu 'yan acaɓa. Ana tsine musu, ana kuma cewa mai karatu ta ɗaga murya.

"Da in haifi irin wannan, gara in yi ɓari," in ji mai shagon, ta danna ƙuri'ar a miƙa shi. Shago ya ɗauki shewa.

"Anti, ji uwar tasa," in ji mai karatun. "Wai ƙulli uku take yi wa ganyen ayaba in za ta turara matoke, tuwon ayaba. Kowane ɗa ƙulli ɗaya, har da wanda ya zo babu rai."

Tsinken kitso ya tsaya a hannun mai shagon. Ita ma haka take ƙullawa. Autanta kaɗai ta taɓa faɗa wa ma'anar ƙulli na ukun.

"Ana iya janye ƙuri'a?"

"An rufe, Anti. Kuma marubucin yana ganin sunan kowa."