Yadda Aka Karanta Masa

Da jarumar fim ɗin ta nutse a kogin aljanu ba ta sake fitowa ba, tsohon ya kashe talabijin.

"Sun ci amanar littafin," in ji shi. "Ba ta mutu ba."

Kwana uku yana nanata wannan magana a shagonsa na walda a Makera. Bai yi boko ba, amma ya san labarin da ka, domin marigayiya matarsa ce ta karanta masa littattafan ukun bayan la'asar. Na ƙarshen ma tana kwance tana jinya ta ƙarasa shi.

Maƙwabcinsa ya nuna masa waya. "Baba, duk masu sharhi sun ce haka littafin ya ƙare."

Tsohon ya kira 'yarsa daga unguwar Romi, ta ɗauko littafin a akwatin uwarta.

"Karanta masa shafin ƙarshe ya ji."

Ta buɗe. A rubuce yake: jarumar ta nutse, mijinta ya tsufa shi kaɗai a bakin kogin. A saman wannan layin akwai ɗan zanen fensir, daidai inda uwarta ta daina bin rubutun.

Ta dubi mahaifinta, ta gyara murya.

"Sai ga ta ta fito daga ruwan, ta ce masa, ai na gaya maka zan dawo."

Tsohon ya juya wajen maƙwabcin.

"To, ka ji?"