Albasar Mai Haƙuri

"Ƙwaƙwalwar wa? Tawa?" in ji tsohon. "Shekara biyu a makarantar jinya, har kin leƙa cikin kaina?"

Autarsa ba ta saki hannunsa ba, abin awon jini na naɗe a damtsensa. "Baba, jininka ya sake hawa. Can tsakiyar kai akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa, shi ke taso da tsoro da baƙin ciki. Ƙwaƙwalwar goshi ke tare shi, kamar ƙofar kanal ɗinku na ban ruwan gona. Kai ma ka sani, in aka ƙi buɗe ƙofa, ruwa gaɓa yake fasawa. Kwana arba'in da rasuwar Yaya, ko ɗigon hawaye ba ka zubar ba."

"Ɗan fari ne. Sunansa ma ban taɓa kamawa ba, balle kuka. Mun yi haƙuri."

Haƙuri kam duk Bunkure an shaida, har misali ake yi da shi a zaman makoki. Sauran labarin sai mu maƙwabta da katangarmu gajera ce: mutumin da ya shekara arba'in bai san inda murhu yake ba, yanzu kullum shi ke yanka wa gida albasa. Ko kunu za a dama, sai an yanka albasa.

"Wai gyaɗa," ya ce, ya fizge hannunsa. "Kai wa malamanku su soya."

Ya sunkuci wuƙa da kwandon albasar da marigayin ya shuka, ya shige ɗaki, ya bugo ƙofa.