Malmon da Muka Dasa da Baba

Ina ɗan shekara tara Baba ya ja ni bakin rafinmu bayan la'asar. Maƙera sun sare itatuwan gaɓar sun ƙona gawayi, ruwan farko kuma ya zo ya kwashe mana kunyar dawa bakwai. Warin laka da toka har yau yana hancina.

Ya miƙo mini dashen itacen malmo, saiwarsa a naɗe cikin ganyen kalgo, shi kuma yana kafa tushen ciyawar jema. Na ce na gaji, ai rafin ya riga ya ci abin da zai ci.

Ya ɗago a fusace. "Kai, ɗan nan, rafi ba ya ƙoshi! Saiwa ce linzaminsa. Haƙa!"

Na haƙa ina kuka.

Shekara arba'in ruwa bai ƙara taɓa mana kunya ba. Jiya na tarar ɗan ƙanena ya kayar da malmon, wai inuwarsa tana kashe masa auduga, ga damina ta ƙarato. Har da ce mini, "Baffa, ai itace ne kawai."

Na fizge gatarin, na danƙa masa fartanya, na nuna masa gaɓar.

"Haƙa!"