Koren Layin Mama

Ku yi haƙuri da ƙarfin halina, ban taɓa rubuta labari ba.

Ranar da Mama ta cika shekara da rasuwa, matan zumunta na cocinmu suka cika gidanmu a Nukkai don su ji muryarta. Waƙa ɗaya ta bari, a cikin laftof ɗin Baba. Amma tun da yayana ya ɗora wa kwamfutar sabon tsari ta daina magana, domin tsohon faifan da ke sa ta fitar da sauti, wanda suke kira direba, ya ƙi shiga. Mun gaji da yawo, har Yola. Direban da wani mai gyara ya samo yana buɗe waƙar, amma ko tari ba ya fitarwa.

"Abu yana aiki lafiya, wa ya aike ka?" ƙanwar Baba ta ce wa yayana.

Baba ya ce in danna kawai, mutane sun zo daga nesa.

Na danna. Shiru, sai wani koren layi yana rawa a allo. Na ce musu muryarta ke nan.

Can sai layin ya daina rawa, ya miƙe samɓal.

"Nan ne," in ji wata tsohuwa. "Ta bar mana wuri."

Ashe ko ita kaɗai take waƙa, Mama sai ta bar gurbin amshi. Matan suka amsa. Layin ya koma rawa, suka yi tsit suna saurare.

Na sulale ta bayan madafi kafin wani ya waiwaya.