Rabon Hassana

"Mama, in ganye ne maganin, mi ya sa ake soka mani allura?"

Ɗiyata Hussaina ce ta tambaya, muna asibiti a Maraɗi ana yi mata maganin kansar jini. Likita ya ce daga wani fure mai ruwan hoda ake tace allurar, amma ganyen kansa guba ne. Surukata Inna tana tsaye tana ji. Furen kuwa akwai shi bakin rijiyarmu a garinmu Bawdeta.

Na san Inna da jiƙe-jiƙe, sai na lallaɓa ta ta koma gida ta riƙe mani Hassana, ɗayar tagwayena. Ni na tsare marar lafiya. Ko ruwa ba ya shiga bakinta sai na ɗanɗana.

Ranar da muka dawo, Hassana ba ta rugo ta tarbe mu ba. Tana kan tabarma, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta.

"Inna, mi ya same ta?"

"Uwar biyu, ai tagwaye ba a bambanta su," ta ce, ta nuna mani tukunya cike da ganyen. "Ɗaya na shan magani, ɗaya na kallo? Kullum nike dafa mata nata."

Yau Hussaina na guje-guje a tsakar gida. Hassana sai dai ta bi ta da ido.

Ke mai jinya, kada ki bari a dafa ganye don an ce magani daga jikinsa ya fito. Kuma ki waiga ki duba mai lafiyar da kika baro a gida.