Ƙyalle a Bakin Lasifika

Ka tambaye ni, Malam, don me za ka riƙa damun mutane da gwaji alhali fitilar na'ura kore ce. Zauna ka ji misali.

An yi wata mata da aka ɗora wa kula da na'urar shelar gobara a wani benen 'yan kasuwa, masu atamfa a ƙasa, teloli a sama can ƙuryar baya. Na'urar tana da lasifika a kowane lungu. Kullum a yanayin jira take: fitila kore, baki rufe, kunne buɗe. In waya ta tsinke ko batir ya yi sanyi, sai ta koma yanayin matsala, ta kunna fitila ruwan ɗorawa tana ɗan kuka. In masu gyara suka rufe wani sashe da gangan, wannan dakatarwa ce, ita ma da alamarta. Ja kuwa ta faɗakarwa ce, ranar da murya za ta ce kowa ya fita. Matar ta san duk wannan, ta kuma san cewa kore shaida ce waya lafiya take, ba shaida ba ce kunne zai ji. Saboda haka duk Asabar da hantsi takan sa na'urar a yanayin gwaji, ta bar mai gadi a gaban na'urar, ita kuma ta bi benen da ƙafa tana saurare, muryar tana ta maimaita cewa gwaji ne, kowa ya kwantar da hankalinsa. 'Yan kasuwa suka tsani abin. Da sun hango ta sai su ce, "Ga Hajiya Gwaji nan, a rufe ciniki!" Har ƙararta suka kai wa mai benen. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kuma fasa ko Asabar ɗaya ba.

Wata Asabar da ta isa ƙuryar teloli, sai ta ji muryar kamar mai magana a ƙarƙashin matashi. Ta ja benci ta taka, ta zura hannu a bakin lasifikar, ta dinga zaro ƙyallayen shadda da leshi da aka cusa dam. Na'ura ba ta san da su ba, don ƙyalle ba ya tsinka waya. Dattijon da ke shugabantar telolin ya ce, "'Yata, abin nan ne yake hana mu jin rediyo." Ta ce, "Baba, ran da zai yi magana da gaske, rediyo ba zai nuna muku ƙofa ba." Aka yi dariya. Mako ya zagayo, ta tarar an sake cusawa, ta sake zarowa. Haka suka yi ta yi, su cusa ta zaro, har teloli suka gaji suka bar mata lasifikarta. Ana nan, wata rana aka manta dutsen guga mai gawayi a kan tarin yadi, a shagon da ke gindin matakalar gaba. Kafin a ankara hayaƙi ya toshe hanyar da kowa ya saba bi. Fitila ta koma ja, murya ta tashi tana cewa wannan ba gwaji ba ne, a fita ta matakalar baya. A ƙuryar teloli kekuna na ruri, janareta na ƙara, ba wanda ya ji ihun 'yan ƙasa, amma muryar nan ta ratsa komai tar-tar. Suka sauko ta baya, dattijon a ƙarshe, igiyar awo a wuyansa, takalmi ƙafa ɗaya. Kaya sun ƙone, amma ba a rasa rai ba. Da aka gyara benen aka koma, Asabar ta farko matar ta tarar da dattijon tsaye a ƙarƙashin lasifika, ya riƙe mata benci da hannu biyu.

To, Malam, ga makullin na'ura. Ran Asabar ka sa ta a gwaji, ka bi lungu-lungu da ƙafarka da kunnenka, ko da za a yi maka laƙabi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.